Game da ɗora sakamakon agogon motsa jiki a Facebook

Malama, kin tambaya ko akwai matsala idan kina ɗora hoton abin da agogonki ya auna bayan tattakin safe. Yawan taku da kilomita ba sa damuna, ni ma nakan sa nawa don ƙarfafa wa 'yan uwa gwiwa. Taswirar hanyar da kika bi ce nake roƙonki ki daina sawa.

Duba ta da kyau. Jan layin nan yana farawa ne daga ƙofar gidanki, can kuma yake ƙarewa, ga lokacin fita a rubuce, ƙarfe shida da kwata. Wanda ya ga hotuna uku ya san unguwarku, ya san lungun da kike bi ke kaɗai da sassafe. A Janairun 2018 haka taswirar Strava, wata manhajar motsa jiki, ta tona sansanonin sojojin Amurka a Afganistan da Siriya, domin sojojin suna gudu da na'urorinsu a kunne. Idan soja bai tsira ba, ina ga ni da ke?

Ki shiga saitin manhajar agogon ki mayar da shafinki na sirri, ki ɓoye mafari da ƙarshen hanya, ko ki kunna agogon sai kin yi nisa da gida. Bugun zuciya, nauyi da kwanakin al'ada kuwa, likita za ki nuna wa. Kalmar sirrin manhajar ma kada ta zama ɗaya da ta imel ɗinki, don a 2018 an sace bayanan asusu kusan miliyan 150 na MyFitnessPal, wata manhajar lissafin abinci da motsa jiki.

Allah ya ƙara lafiya.