Tambayoyinku kan waya da kwamfuta: laftof ɗinka lafiyarsa ƙalau

Tambaya: Malam, ni ɗalibin kimiyyar kwamfuta ne a Zariya. An ba mu aikin rubuta manhaja da Python wadda za ta jero duk hanyoyin da za a iya raba ɗalibai rukuni-rukuni. Da mutum 10 nan take ta gama. Da na sa 20 sai laftof ya ɗau zafi, fanka na ta kuka, daga ƙarshe ya sandare. Mai gyara ya ce ram, wato ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta, ne ya yi kaɗan, na ƙara, amma jiya-i-yau. In sayi sabo?

Amsa: Ƙanena, mayar da kuɗinka aljihu. Wannan abu yana ci mini rai, domin kusan kowane wata sai na sami wasiƙa irin taka: a ɗora wa na'ura laifi, a kashe kuɗin abinci a kan ram, alhali ba a zauna an ƙirga girman aikin ba. Jaki ka ɗora wa Dutsen Dala, kana kuma tambaya ko a ƙara masa dusa.

Abin da kake jerowa yana da suna. Yawan hanyoyin raba mutane zuwa rukuni iya adadin da ka ƙayyade, ba tare da rukuni ya tashi babu kowa ba, shi ake kira lambobin Stirling nau'i na biyu, da sunan James Stirling, masanin lissafi ɗan Sikotilan da ya yi rubutu a kansu a 1730. Ɗauki abokai huɗu da faranti biyu na tuwo. Ko dai mutum ɗaya ya ware ukun su haɗu, hanya 4 ke nan, ko a zauna biyu-biyu, hanya 3. Jimilla 7.

Idan kuma ba ka ƙayyade yawan rukunin ba, kamar a aikin nan naka, sai a tara su duka, a sami lambobin Bell, waɗanda Eric Temple Bell ya yi nazarinsu a Amurka a shekarun 1930. Suna farawa kamar ba za su yi komai ba: 1, 2, 5, 15, 52, 203. Wannan 52 ɗin ma Japanawa sun san ta tun da daɗewa a wani wasansu na shinshina turaren wuta biyar a faɗi waɗanne ne iri ɗaya. To amma mutum 10 hanya 115,975 ne, shi ya sa ta gama maka nan take. Mutum 15 ya haura biliyan ɗaya. Mutum 20 kuwa hanya 51,724,158,235,372. Ko da laftof ɗinka yana fitar da miliyan ɗaya kowace daƙiƙa, sai ya yi kusan kwana 600 bai huta ba, kuma ka ce ya adana su duka a ram. Wane ram ne zai ɗauka?

Ƙirgawa daban, jerowa daban. Don ka san yawansu ba sai ka jero ko ɗaya ba. Duk sabon mutumin da ya zo, ko ya sa hannu a ɗaya daga farantan da ke ƙasa, ko a ba shi nasa shi kaɗai. Mutum biyar a faranti uku: huɗun farko suna da hanya 6 ta zama a faranti uku, shi kuma ya zaɓi ɗaya cikin ukun, 18 ke nan, ko su huɗun su zauna a faranti biyu, hanya 7, shi ya ɗauki na uku. 18 da 7, 25. Layi biyar na Python sun isa wannan, ko ka kira bell(20) daga SymPy, wani kundin lissafi na Python. Al'adata ce, kuma ina so ta zama taku: kafin ka danna maɓallin farawa, ƙirga da biro a takarda. Ka koma wurin malaminku, na tabbata ƙananan lambobi yake nufi. In kuwa raba ajin kawai ake so, gauraya sunayen da random.shuffle ka yanka.

Tambaya: Na gina teburin lambobin Bell a Excel, da na kai na 22 sai na ga 4.51E+15, kuma lambar ƙarshe ta koma sifiri. Bairos ne? Daga wata malamar lissafi a Maraɗi.

Amsa: Malama, ba bairos ba ne. Excel alƙaluma 15 na farko na kowace lamba kawai yake riƙewa daidai, ta 22 kuwa tana da 16: 4,506,715,738,447,323. Ki koma Python, ba ta da wannan iyaka. Ko a waya Pydroid 3, manhajar rubuta Python a Android, zai yi miki.

Tambaya: Ba COMBIN na Excel ne ke wannan aikin ba?

Amsa: A'a. COMBIN zaɓen wasu yake a bar wasu. A nan kowa sai ya sami faranti.

Tambaya: Wayata tana zafi idan ina caji ina kallon bidiyo. Me zan yi?

Amsa: Zaɓi ɗaya, ko caji ko kallo. Kuma fito da ita daga ƙarƙashin filo.