Ƙanena, kafin ka taho Japan don hotunan kabuki

Saƙonka ya iso, ƙanena. Ka ce hotunan 'yan wasan kabuki (wasan kwaikwayon gargajiya na Japan) da ake bugawa da katako sun shiga ranka, kana son zuwa ka koya, ta ina za ka fara?

Ka fara sanin cewa hoton nan ba aikin hannu ɗaya ba ne. Mai zane daban, mai sassaƙa daban, mai bugawa daban, kuma kowane launi da nasa allon katako. Na taɓa tsayawa a kan wani dattijo yana bugawa a nan Tokiyo. Ya shafa launi da ɗan kunun shinkafa, ya saita gefen takarda a wata 'yar tsaga da suke kira kento, ya murza bayanta da baren, wani ɗan faifai naɗe da ɓawon gora. Da ya ɗaga, ja kaɗai ya fito. Sai ya jawo allo na gaba. Wallahi na kasa tafiya. Wannan hannun shekaru ake yi ana gyara shi a gaban maigida, da Japananci zalla.

Sannan ka kalli wasan kansa. Sharaku, wani shahararren mai zanen 'yan wasan kabuki, wata goma kacal ya yi yana aiki, daga 1794 zuwa 1795, ya bar hotuna kusan 140. Akwai hotonsa na ɗan wasa Otani Oniji, yatsu a ware, baki a tsuke. Ban gane shi ba sai ranar da na sayi tikitin kallon kashi ɗaya na wasan a Kabukiza, gidan wasan kabuki da ke unguwar Ginza, na ga ɗan wasa ya ƙame cak, ya karkace ido. Mie suke kiran wannan tsayuwa. Jan zane a fuska na jarumi ne, shuɗi na mugu. Matan da kake gani a hotunan 'yan wasa kuwa maza ne, don tun 1629 aka hana mata hawa dandamali.

In nazari kake so, nemi tallafin karatu na gwamnatin Japan, wato MEXT, ta ofishin jakadancin Japan a Abuja, ka duba Jami'ar Waseda, gidan tarihin wasanninta cike yake da hotunan. Kada ka dogara da aikin gefe, awa 28 a mako aka yarje wa ɗalibi. Fara harshen tun kana gida, ka rubuto mini wanne kake so: nazari, sassaƙa ko bugawa.