Abin da ya sa na hana ka aske ciyawar bayan katanga

Ɗana, jiya ka tambaye ni don mi na riƙe maka hannu da ka tada inji za ka aske ciyawar gidan Alhaji ƙwal har bayan katanga, kuma na hana ka ɗauko famfon feshi. To saurara.

Ita kiri-kiri ɗin da muke shukawa ba ta ba ƙudan zuma abin kirki, iska ce ke kwasar garin hurenta. Abincinsu na wurin 'yan tsire-tsiren nan da kake kira datti, masu ƙananan huranni rawaya da fari da ke fitowa tsakanin ciyawa. In ka bi da inji duk sati ko hudowa ba su yi ba ka sare su, ka share masu tukunya kenan. Shi ya sa nake ɗaga wuƙar inji sama, in bar tsawo kamar yatsa huɗu, kuma gefen katanga da gindin zogale sai ya yi sati uku ban taɓa ba. Gaban gida inda baƙi ke gani, wannan kam a gyara shi tsaf, Alhaji na son haka.

Gobe da sassafe ka tsuguna gaban kabewar da Hajiya ta shuka, za ka ga hure iri biyu, ɗaya da ɗan ƙulli a gindinsa, ɗaya babu. In zuma ba ta ɗauko gari daga maras ƙullin ta kai wa mai ƙullin ba, sai ka ga ɗan ya yi rawaya ya faɗi, haka kankana take, je ka tambayi manoman fadamar Kwalkwalawa da ke Sakkwato su gaya maka.

Kuma ka san garin namu, damina daga Yuni zuwa Satumba ce kawai, in bazara ta shigo zafi na wuce digiri 40, ciyawar da aka aske ƙwal ita ke fara ƙonewa don saiwarta ba ta da zurfi, mai tsawo kuwa tana riƙe damshi ta rage maka ban ruwa. Wallahi lokacin nan ƙudan zuma tausayi suke ba ni, za ka gan su sun yi cincirindo bakin famfo. Ka sami kasko ka zuba tsakuwa, ruwa kaɗan yadda za su sauka su sha ba su nutse ba, kullum ka sauya saboda sauro.

Feshi kuma sai in ya zama dole, shi ma bayan magariba da sun koma, kuma kar ka fesa kan abin da ke hure. Gobe ka zo da kaskon, mu aje shi inuwar zogale.