Wane tarbo ne ya dace da injin Camry 2.2?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni makanike ne a Gusau. Ina da Camry ƙirar 1999 mai injin 5S-FE, giyar hannu, ina son in ɗora mata tarbo. An kawo mini guda biyu na hannu: ƙarami daga Golf mai shan gas, 1.9 TDI, da babba Holset HX35 da aka ciro daga babbar mota. Abokan aiki sun ce in ɗauki babban tunda ƙarfi nake nema. Wanne zan saka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ka ajiye duka biyun, babu wanda ya dace da motarka. Ba da ido ake zaɓen tarbo, wato na'urar da hayaƙin inji ke juyawa don ta cusa wa inji ƙarin iska, ba, da nauyin iskar da inji zai shaƙa a minti ɗaya ake zaɓensa, kuma lissafin bai fi ƙarfin kalkuletar wayarka ba.

Injinka lita 2.164 ne. Kowace silinda sau ɗaya take shaƙar iska a juyi biyu, don haka raba juyin ake yi biyu. A juyi 6,000 a minti, 2.164 sau 3,000 ya ba da lita 6,492. To amma silinda ba ta cika fal, balle idan inji ya yi sama. Irin wannan injin mu ɗauka yana cika kashi 85 cikin ɗari a wannan juyin, ka ga saura lita 5,500 ke nan.

Lita ba ta isa ba, sai an mai da ita nauyi, domin iska mai zafi ba ta da nauyin mai sanyi, kuma nauyin ne ke ƙona fetur. Nan ne garinku ke shigowa cikin lissafi. Gusau tana kan tudu na wajen mita 450, saboda haka matsin iskar gari, a ma'aunin matsi da ake kira bar, wajen 0.96 ne, bai cika 1 ba. Ga injin da ba a taɓa cikinsa ba, shawarata kar ƙarin matsin da tarbo zai kawo ya wuce bar 0.5. Jimilla 1.46 ke nan a bakin inji. Idan intakula, wato na'urar da ke sanyaya iskar da tarbo ya turo kafin ta shiga inji, ta sauko da zafin iskar zuwa digiri 55, kowace lita dubu tana da nauyin kilo 1.55. Ninka da 5.5, ka samu kilo 8.5 a minti. Masu ƙera tarbo galibi da laba suke rubuta alƙalumansu, laba ɗaya kuwa kilo 0.454 ce, ka ga laba 19 ke nan a minti. A injin fetur, kowace laba ɗaya ta iska a minti tana ba da ƙarfin doki wajen 10. Wato kana maganar doki 190, a motar da ta fito da wajen 133. Ƙarin ba kaɗan ba ne.

Kar ka tsaya a sama kawai, a nan ne yawancin masu haɗa mota ke yin kuskure. Ba a juyi 6,000 ake yini ba. Sake lissafin a juyi 3,000, inda kake son tarbo ya riga ya kama, da cikar kashi 90: zai ba ka kilo 4.5, wato laba 10. Abin da kake nema ke nan: tarbon da zai yi aiki cikin kwanciyar hankali daga laba 10 zuwa laba 19.

Saura lamba ɗaya, sau nawa tarbo zai ninka matsin iskar da ya shaƙa. Intakula da bututu suna cin wajen bar 0.1, don haka sai ya fitar da 1.56. Matatar iska tana rage masa kaɗan a shiga, ya samu wajen 0.93. Raba 1.56 da 0.93, ya kusa 1.7.

Da waɗannan lambobi uku, 10 da 19 da 1.7, za ka je wa taswirar da kamfani ke fitarwa ga kowane tarbo. A kwance laba ce, a tsaye ninkin matsi. Ja layi a 1.7, ka ɗiga aya a 10 da kuma 19. Akwai iyaka a hagu, akwai a dama, a tsakiya kuma zagaye-zagaye masu nuna inganci, na can ciki kan kai kashi 70 da wani abu. Ayoyinka biyu su faɗa cikin iyakokin, tsakaninsu kuma ya ratsa zagayen ciki.

Yanzu ɗauki HX35. An yi shi ne don irin injin Cummins mai lita 5.9, yana iya tura laba 50 ko fiye. Hayaƙin injinka ba zai iya juya shi da kyau ba sai can sama, ka taka totur a cikin gari motar ta yi nauyi fiye da yadda take a da, sannan ƙarfin ya zo gaba ɗaya a lokacin da giyar ta kusa ƙarewa. Ayarka ta laba 10 kuma tana bakin iyakar hagu ko ma ta fita. Ma'anar fitar ita ce tarbo ya tara matsi amma inji bai iya haɗiye iskar ba, sai ta riƙa komowa baya tana dukan fuka-fukan, ka ji fur-fur-fur. Wasu samari na jin daɗin wannan ƙarar, alhali tana cinye abin da ke riƙe sandar tarbo ne, har ta fara wasa gaba da baya.

Na Golf kuwa matsalarsa ta iyakar dama ce. An auna shi da injin gas mai doki 90 zuwa 110 wanda da ƙyar yake wuce juyi 4,500. A motarka zai kama da wuri, ka ji daɗi a farko, amma kafin ka kai sama ya shaƙe: yana juyi fiye da ƙima, iskar da yake turawa zafi ce kawai, hayaƙi kuma ya rasa hanyar fita ya taru a bakin bawul. Idan irin mai motsattsun fuka-fukai ne a gefen hayaƙi, to abin ya ƙara muni, domin hayaƙin fetur kan haura digiri 900, ya fi na gas zafi nesa, sai fuka-fukan su maƙale.

Abin da ya dace da kai na tsakiya ne, wanda iyakarsa ta kai laba 25 zuwa 28. Mitsubishi TD04 irin na Subaru WRX ko na Volvo da Saab masu fetur, ko Garrett T25 da ɗan'uwansa GT2554R, duk suna wannan sahu. A gefen hayaƙi na Garrett za ka ga an buga A/R da lamba a jikin ƙarfen. Ƙaramar lamba tana kamawa da wuri amma ta matse a sama, babba akasin haka. Ga lita 2.2 ta yau da kullum, 0.64 ta fi 0.86 dacewa. Kafin ka biya kuɗi, kama sandar ka girgiza: ɗan motsi gefe da gefe ba laifi muddin fuka-fukan ba su taɓa jiki ba, amma motsin gaba da baya alamar mutuwa ce. Ka kuma gwada ƙofar sakin hayaƙi, wadda ke buɗewa don kar matsi ya wuce ƙima, da famfo mai agogo, ka ga a wane matsi take buɗewa. Idan ta wuce bar 0.5, canza sifirin.

Intakula ba ado ba ce a Zamfara. A watan Afrilu da rana zafi kan kai digiri 40. Tarbo mai ingancin kashi 72 zai mai da wannan iskar digiri 110, wanda ya fita daga zagayensa ya sauko kashi 60 kuwa sai ya kai 125. Fistin ɗin injinka ninki 9.5 yake matse iskar cikin silinda, ga zafi, ga fetur ɗin bumburutu da ba a san me aka gauraya masa ba. Haɗuwar ukun ita ke sa mai ya fashe kafin lokacinsa, ka ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Wannan ƙarar fistin take fasawa a wajen ringi, wani lokaci a taku ɗaya mai tsawo a hanyar Funtuwa.

Iskar da ta ƙaru tana son mai daidai da ita. Doki 190 a silinda huɗu na bukatar kowane nozul ɗin fesa fetur ya ba da aƙalla cc 350 a minti, na asali ba za su kai ba. Sai famfon mai da ya fi na da, da kwamfutar da za a iya saita ta, don ta asali ba a tsara ta da sanin matsi ba. A ƙarƙashin matsi, iska 11.5 zuwa 12 ga mai 1 ake nema, a kuma ja lokacin wuta baya, a sa fulogi mai sanyi da mataki ɗaya. Kar a yi saitin da kunne, a ɗaura na'urar auna iskar hayaƙi mai faɗin ma'auni a salansa.

Sai baƙin mai. Bututun da ke mayar da shi daga tarbo ya kai faɗin milimita 16, ya sauka kusan a tsaye, ya shiga kasko a saman inda mai yake kwanciya. Idan ya lanƙwashe ko ya nutse cikin mai, tarbo zai tura mai salansa ka ga shuɗin hayaƙi, a ce tarbon ne ya lalace alhali bututu ne. Tarbon da sandarsa ke juyi a kan ƙwallayen ƙarfe, irin GT2554R, yana son a matse hanyar shigar mai zuwa rami na wajen milimita 1. Matatar iska kuma ta zama rufaffiya mai kyau, nesa da zafin inji, domin fuka-fukan suna juyi sama da 100,000 a minti, ƙurar hunturu kuwa tana goge bakinsu har ingancin da ka yi lissafi a kansa ya zube. Kulochin asali ma zai fara zamewa a giya ta uku da ta huɗu, sai ka sa kuɗinsa cikin kasafi tun yanzu.