Hukuncin haƙa masai kusa da rijiyar maƙwabci

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, na sayi fuloti a wata unguwar awon igiya a bayan Kano, na fara haƙa ramin masai a jikin katanga, sai maƙwabcina ya kai ƙara cewa ramin ya matse rijiyarsa, duba-gari kuma suka zo suka dakatar da aikin. Tunda fili nawa ne, da kuɗina na saya, shin shari'a ta wajabta mini bin umarninsu?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, ya wajaba ka dakata, kuma wajibcin bai fara daga duba-gari ba, domin ko da babu hukuma a garin, shari'a ba ta ba ka damar gurɓata ruwan da wani yake sha ba. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce babu cuta babu cutarwa, kamar yadda Imamu Malik da Ibnu Majah suka ruwaito. Abu Dawuda kuma ya ruwaito daga Mu'azu ɗan Jabal gargaɗi a kan abubuwa uku masu jawo tsinuwa: yin bayan gida a mashayar ruwa, da tsakiyar hanya, da inuwar da mutane suke hutawa. Wanda ya tara ƙazanta a rami, ta riƙa tsatsafowa ta ƙarƙashin ƙasa har ta isa rijiya, ya kai ta mashaya ke nan, sai dai ido bai gani ba.

Malamanmu na Malikiyya sun yi magana a kan hurumin rijiya tun da daɗewa, kuma ba su ƙayyade shi da adadin kamu ba, suka ce shi ne gwargwadon abin da ba zai cutar da ruwanta ba, ba zai kuma ƙuntata wa masu ɗiba ba. Sun bayyana cewa wanda ya haƙa masai a cikin gidansa, ya zama yana ɓata rijiyar maƙwabci, ana hana shi. Hikimar barin awon a buɗe ita ce ƙasa ba iri ɗaya ba ce, jigawa tana zuƙe ruwa da sauri, laka tana riƙe shi, saboda haka sai a koma ga masana. Abin da masana lafiya suka fi bayarwa shi ne tazarar mita 30 tsakanin masai da rijiya ko burtsatse, gindin ramin kuma ya tsaya aƙalla mita ɗaya da rabi sama da inda ruwan ƙasa yake kaiwa, musamman da damina.

Kada ka ce ai ruwan rijiyar garau yake. Gaskiya ne a mazhabarmu ruwa ba ya zama najasa sai launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa ya canza, amma wannan hukuncin alwala ne da wanka. Ruwa yana iya halatta a yi tsarki da shi alhali yana ɗauke da ƙwayar cutar amai da gudawa ko taifot, kuma annobar amai da gudawa ta 2021 ta kashe sama da mutum dubu uku a Najeriya, jihohin Arewa ne suka fi jin jiki. Abin yana ci mini rai ƙwarai, domin rijiyar cikin gida har ƙananan yara suna shan ruwanta ba tare da an tafasa ba.

Game da hukuma, Allah ya yi umarni da ɗa'a ga majiɓinta al'amari a Suratun Nisa'i, aya ta 59, kuma dokar da aka kafa don kare ruwan sha maslaha ce tsantsa wadda babu saɓon Allah a cikinta. Ba wa jami'i na goro don ya kau da kai cin hanci ne, haramun ne ga mai bayarwa da mai karɓa.

Ka cike ramin, ka nemi kusurwar da ta fi nisa da rijiyar. Idan fulotin ya yi ƙanƙanta, ka gina tanki na siminti wanda ba ya yoyo, a riƙa kiran masu kwashewa idan ya cika, bayan jami'an sun duba sun amince. Idan ka ci gaba bayan an sanar da kai, rijiyar ta lalace, gyaranta yana wuyanka. Shi ma maƙwabcin naka ya ɗaga bakin rijiyarsa, ya yi mata murfi.

Allah ne mafi sani.