Motar gado da ta daɗe a gareji: wa ke da ikon sayar da ita?

Tambaya: Barista, mahaifinmu ya rasu wata biyar da suka wuce. Ya bar mahaifiyarmu da mu 'ya'yansa biyar, autarmu shekararta sha uku. Cikin abin da ya bari akwai Mercedes 280 SE ƙirar 1970, ta fi shekara ashirin a gareji ba a tayar da ita ba. Fentinta da kujerunta duk na asali ne. Wani mutum ya zo yana so ya saya a yadda take, ya ce zai biya nan take. Ƙanena kuma ya dage sai an yi mata fenti da gyara tukuna, wai za ta fi tsada. Takardun duk da sunan marigayi suke. Tunda ni ne babba, zan iya sayarwa in raba kuɗin?

Amsa: Malam, Allah ya jiƙan baba, ya ba ku haƙuri. A'a, ba za ka iya ba tukuna. Zama babban ɗa yana ba ka girma a gida, amma ba ya ba ka ikon sa hannu a kan dukiyar da ba taka kaɗai ba. Daga ranar rasuwa motar ta shiga tarika, wato dukiyar da mamaci ya bari, kuma tarika tana da jerin masu haƙƙi. Idan ta hanyar shari'ar Musulunci za a raba, ana fara fitar da kuɗin jana'iza, sai bashi, sai wasiyya da ba ta wuce sulusi ba, sannan magada. Mahaifiyarku tana da tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas. Idan iyayen marigayin suna raye, kowannensu na da sudusi, wato kashi ɗaya cikin shida. Saura naku ne, namiji rabon mata biyu. Idan kuma dokar gado ta ƙasa ce ke aiki a kanku, kason zai bambanta, amma tushen ɗaya ne: bashi yana gaba da gado, kuma mai sayar da kayan mamaci dole ya kasance wanda wasiyya ta naɗa ko wanda kotu ta ba takardar ikon kula da dukiyar.

Wanda ya sayar da abin da ba nasa ba, malaman fiƙihu suna kiran cinikinsa cinikin fuduli. A wajen Malikiyya da Hanafiyya irin wannan ciniki a rataye yake, sai masu haƙƙi sun amince. To a gidanku akwai wadda amincewarta ba ta da amfani a doka, ita ce autarku. Yarinya 'yar sha uku ba ta yafe haƙƙi, ba ta sa hannu. Sai waliyyinta ko wasiyyi, kuma a wurare da yawa sai da izinin alƙali. Waliyyin ma ba a yarda ya sayar da rabon marainiya a ƙasa da kimarsa ba. Idan ka karɓi kuɗin mutumin nan yau, bayan shekara biyar aka ga motar a kasuwa da ninkin abin da ya biya, yarinyar na iya kai ƙara, kuma kai za a tambaya.

Batun ƙanenka ya fi damuna. Niyyarsa mai kyau ce, amma abin da yake so a yi zai iya zama ɓarnar dukiyar magada. A kasuwar tsofaffin motoci, fenti na asali, kujeru na asali da injin da aka fito da shi daga masana'anta su ne abin da masu tarawa ke biya. Motar da aka gyara ana iya sake gyara ta, amma fentin 1970 idan aka kankare shi ya tafi ke nan. A 2024, a gasar nunin tsofaffin motoci ta Pebble Beach a Amurka, wata Bugatti ƙirar 1934 da ba a sabunta ba ce ta ɗauki babbar kyauta, karo na farko da mota daga rukunin waɗanda aka bari a yadda suke ta yi hakan. Gyara na gaskiya kuwa, wanda ake kwance mota har ƙusa, sau da yawa yana cin kuɗin da ya fi abin da motar za ta kawo. Gyaran gaggawa na rufe tsatsa da fenti ya fi muni, don mai ido zai gane, sai ya rage farashi sau biyu: na tsatsar da na cire aikin banzan.

Don haka kada a yi mata fenti, kada a wanke ta da injin feshi, kada kuma wani ya ɗauko batir ya ce bari a gwada ko za ta tashi. Man injin da ya yi shekara ashirin ya tsiyaye daga inda ake buƙatarsa, fetur ɗin tanki ya zama danƙo, kuma murza makulli sau ɗaya zai iya karce silinda. Wanda ya yi hakan ba da yardar sauran ba, shi zai biya asarar daga rabonsa. Abin da ya halatta ka yi a matsayin mai riƙon amana shi ne kiyayewa: kulle garejin, toshe yoyon rufi, ɗaukar hotuna masu yawa har da ƙasan mota, da neman inshorar ajiya, domin wadda marigayi ya yi, in ma akwai, ta daɗe da ƙarewa. Duk wata takarda a tattara, har rasit ɗin bakanike da littafin da aka sayo motar da shi. Tsofaffin kayan gyara da ke zube a kusurwa ma kada a ba 'yan gwangwan, na motar ne.

Kafin a kira mai kimantawa, duba lambar shasi. Lamba mai haruffa da alƙaluma 17 da aka sani yanzu sai a 1981 ta zama ƙa'ida, saboda haka taku za ta bambanta. Idan ta fara da 108, mai ƙofa huɗu ce, wadda aka ƙera dubun dubata, kuɗinta matsakaici ne. Idan ta fara da 111, mai ƙofa biyu ce ko mai buɗaɗɗen rufi, kuma wannan wata duniya ce daban a farashi, musamman mai injin lita 3.5. Sunan ɗaya ne, 280 SE. Mai sayen da ke gaggawa ya riga ya duba wannan lambar, ku ne ba ku duba ba. Sashen tsofaffin motoci na kamfanin Mercedes-Benz yana ajiye katin bayanan motocin da ya ƙera, mai ɗauke da lambar inji da launin asali, kuma ana iya neman kwafi idan an nuna shaidar mallaka.

Zan ja kunnenku ta ɗaya ɓangaren kuma. Kowa ya ji labarin motar da aka tsinta a rumfa ta zama miliyoyi. Ya faru: wata Bugatti ta 1937 da wani likita a Ingila ya bar wa danginsa bayan ta yi kusan shekara hamsin a gareji, kamfanin Bonhams ya yi gwanjonta a Paris a 2009 kan Yuro miliyan 3.4. Amma irinta 17 kawai aka taɓa ƙerawa. Na sha ganin magada sun ƙi tayi mai kyau saboda irin wannan labari, motar ta ci gaba da ruɓewa, zumunci ma haka.

Mai kimantawa ya zama wanda ba shi da niyyar saye kuma ba ya cin la'ada daga cinikin. A biya shi ladan aikinsa daga tarika, ya ba da rahoto a rubuce mai hotuna, ya nuna farashin da aka sayar da irinta a yanayinta, ba farashin da masu talla ke nema ba. Idan ƙasarku na karɓar harajin gado ko na ribar sayar da kadara, ku ce ya rubuta kimarta a ranar rasuwa, don da ita ake lissafi. Rahoto biyu ya fi ɗaya idan akwai marainiya a ciki.

Bayan nan hanyoyi a buɗe suke. Ɗayanku na iya riƙe motar a lissafa ta cikin rabonsa, ya cika wa sauran kuɗi idan ta fi kasonsa. Idan kai ne mai kula da tarikar kuma kai ke so, kada ka sayar wa kanka ba tare da amincewar kowa a rubuce da sanin kotu ba. Ana iya sayar wa mutum kai tsaye, har da wannan da ya zo, amma bayan rahoto. Ana iya ba dillali ko kamfanin gwanjo, a nan sai a karanta yarjejeniya da kyau: nawa ne la'adarsu, wa ke biyan jigila da inshora, kuma a sa mafi ƙarancin farashin da ba za a sayar a ƙasa da shi ba. Idan kun kasa daidaitawa, kowane magaji na da damar neman kotu ta ba da umarnin sayarwa a raba kuɗin, tunda mota ba ta yankuwa gida shida.

Ranar ciniki, a rubuta yarjejeniya mai ɗauke da lambar shasi da ta inji, a faɗi cewa an sayar a yadda take, ba ta tashi. Wannan jimla ba ta kare mai ɓoye aibi ba, saboda haka duk abin da kuka sani, tsatsa ko tsohon haɗari ko canjin inji, ku rubuta. Kada ka karɓi kafin alƙalami daga kowa kafin takardar kotu ta fito. Kuɗi su shiga asusun tarika, ba naka ba, kuma mota ba ta fita sai banki ya tabbatar sun zauna. Mai turo ceki da ya wuce farashi yana cewa a mayar masa da rara ɗan damfara ne. Idan mai sayen zai fitar da ita ƙasar waje, a rubuta cewa kwastam da izinin fitarwa a wuyansa suke. A sauya sunan mallaka a hukumar rajistar motoci, ku riƙe kwafi. Rabon autarku kuma a ajiye shi da sunanta, da shaidu, har ta kai munzilin karɓa.