Na ga gwanina, amma kunnena bai daina ƙara ba

Tambaya: Malam, shekara 9 ina sauraron wani mawaƙi, sai makon jiya Allah ya nufa na gan shi ido da ido. Na kutsa har gaban dandali, dab da lasifika, kiɗan na dukan ƙirjina. Da ya ɗago hannu ta wajenmu sai ga hawaye, ko bidiyon ma na kasa ɗauka. To amma yau kwana uku kunnena na hagu yana ta "tiiii". Lafiya kuwa?

Amsa: 'Yar'uwa, barka da cika buri. Laifin wurin da kika tsaya ne. Can cikin kunne akwai wasu ƙwayoyin halitta masu siririn gashi da ke karɓar sauti, ƙara mai tsanani na gajiyar da su, kuma wanda ya mutu ba ya sake tsirowa. Shi ya sa a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada matsakaicin sautin wuraren wasa ya wuce desibel 100 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), amma gaban lasifika yakan zarce haka. Sau da yawa ƙarar kan lafa da kanta. Ki hutar da kunnen, ki ajiye iyafis. In ta kai mako, ko jinki ya ragu, maza ki ga likitan kunne. Wani karon ki tafi da abin toshe kunne, za ki ji muryarsa sarai.